Auren Kabewa

Shekarar da aiki ya tsaya a ramin ma'adinai, maigidana ya dawo gida ya zauna, zaman kuwa bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya shiga motar kamfani, sai ga shi a ƙofar gida yana bin manyan motocin da ke tafiya Assamaka, can bakin iyaka, da ido. Wata rana ya sayo bidon ruwa, wato jarka, ya zauna ya ɗinke shi da buhu. Kowa a Arlit ya san ma'anar irin wannan bido: tafiya haƙar zinariya can cikin hamada. Shi kuma tari ya riga ya yi gida a ƙirjinsa. Na tsorata ƙwarai.

Ni na kawo shawarar garka a bayan ɗaki, don in samo masa abin yi. Ya karɓa da zafinsa, kamar yadda yake karɓar komai. Ya ce kayan miya sun daina shigo mana daga kasuwa, hatsi kaɗai za mu saya tunda gero ba ya fita a kan dutse. Sannan ya ƙara da cewa, "In gidan ga ya cishe mu, na zamna. In bai cishe mu ba, sai in tahi."

Ƙasar gidanmu tsakuwa ce zalla. A amalanken jaki ya yi ta ɗauko ƙasar kori, wato busasshen rafi, nesa da tulin duwatsun da kamfani ya zubar, ya cuɗa ta da kashin akuyarmu. Ruwa kuwa ya zama ɗan lele. Ƙasarin da na wanke hatsi, ɗaurayen kwanuka, duk na garka ne. Ko baƙo ya zo zai yi alwala, sai maigida ya ja shi gindin zogale ya tsugunar.

Yakuwa ta yi, alayyafo ya yi, tumatir ya ɗan taɓuka. Mun ci miyar yakuwa har haƙoranmu suka mutu, ba wanda ya isa ya yi ƙorafi. Amma duk ganye ne, da zafi ya shigo za su ƙone. Kabewa ce kaɗai za a iya ajiyewa ta kai mu ƙarshen bazara, shi ya sa ransa duk yana kanta. Ta yi yaɗo, ta yi fure, sai 'ya'yan su fito kamar goro, su yi rawaya su faɗi. Kullum ya tsinci ɗaya a ƙasa, sai in ga idonsa ya koma kan bidon nan.

Wata safiya na gano dalili. Na same shi yana bin yaɗon yana tsinke duk furen da ba shi da ɗan ƙullutu a gindi, yana miƙa wa akuya. Aikinsa a kamfani ke nan shekara da shekaru: raba dutse mai amfani da na banza.

"Waɗanga shan ruwa kawai suka iya," in ji shi. "Ba su haihuwa."

Ni na tashi a gidan da ake shuka duma a ƙasar Tawa, na san mazan furen ne yake zubarwa, in babu su kuwa matan ba sa riƙe 'ya'ya. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mutumin da ya rasa aikinsa, ta yaya zan ce masa abin da ya fi iyawa shi ke kashe masa garka?

Sai na nufi maƙwabciyarmu, wata tsohuwa daga dutsen Abzin da ita ma ke da kabewa. Da na ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗiyata, a garinmu dabino ma sai an yi masa aure. Nan kuma ko ƙudan zuma ba ka gani." Daga ranar, da ya tafi sallar asuba ya tsaya hira a masallaci, sai in karɓo mazan fure ta kan katanga, in goga garinsu a cikin matan.

Kabewa ta kama. Ya riƙa nuna wa baƙi, yana cewa tsinkar da yake yi ce ta yi aiki. Ni dai sai in ce Allah ya ƙara basira.

Ran nan ya dawo da wuri, ya tarar da ni tsugune da fure a hannu. Ya dubi furen, ya dubi kabewar, ya dubi akuya. Ya shige ɗaki. Da ya fito ɗauke da bidon, na ce shi ke nan na kore shi da hannuna.

Ya zauna a turmi, ya zaro wuƙa, ya farke ɗinkin buhun. Ya raba bidon biyu, ya huda gindin kowane, ya shiga cika su da ƙasar kori.

"Akuyar ga ta ci angwaye da yawa," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Gobe ki jira ni in komo daga masallaci, ki gwada mani. Yanzu miƙo mani irin tattasai."