Bututun Inna

Likitan ido bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in mahaifiyata ta ci gaba da shan hayaƙin girkin nan, nan gaba sai da ɗan jagora. Inna kuwa ko a jikinta. Wai ta bar wa matata girki? Tab! Ta ce ai tuwon da ba hannunta ya tuƙa ba bai wuce mata maƙogwaro.

Lokacin ina aiki a masaƙa a Challawa, gidanmu na Dorayi. Madafinmu ɗan akurki ne, ba taga, bangon baƙi ƙirin. Ana nan aka rushe tsohon murhun tukunyar tururi a wurin aiki, aka jibge jan bulonsa a bayan katanga, har da wani bututun ƙarfe da ya fi ni tsawo. Na roƙi heluma, shugabanmu a wurin aiki, ya ce in kwashe, dama tsaye yake musu. Haka na dinga jido a keke duk na tashi aiki. Ranar da na ɗauro bututun, tun daga bakin layi maƙwabta ke tsiya: "Malam, kamfani za ka buɗe? A ɗauke mu aiki mana!" Na ce su rubuto takarda.

Da bulon na ta da sabon madafi. Ƙofa na yi ta da katakon akwatin inji, rufi kuma da durom da na fasa na daddaƙe. Na gina murhu, na kafa bututu. Ya yi kyau, wallahi.

Inna ta leƙo, ta ce, "Ina duwatsuna?"

Ni kuwa na riga na zubar da su a bola. Duwatsun murhu uku da ta taho da su daga ƙauye tun tana amarya. Ta ce ba ta ɗora tukunya a kan bulon kamfani, ta koma tsakar gida ta hura itace, idonta na zubar da ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na tono su, na fasa bakin murhun, na dasa su a ciki.

Ta hura wuta. Hayaƙi ya bi bututu ya yi sama abinsa, yara suna ta ihu a waje. Ta daɗe tana kallon harshen wutar, idonta a bushe.

"Kai," ta ce, "miƙo mini faifan shinkafar nan. Matarka ba ta iya tsintar tsakuwa ba."

Har ta rasu da kanta take tsincewa. Ni na yi wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa.