Shanyar Mama a Kan Jirgin Baba

Gonarmu ta shinkafa tana hayin kogi. Da rani da ƙafa muke tsallakawa, da damina kuwa sai an zagaya ta bakin daji, hanyar da ba mai son bi tun da tsaro ya taɓarɓare. Shi ya sa Baba ya sa aka kawo masa kayan haɗa ƙaramin jirgin ruwa daga Kaduna: katakon filawud yankakke, kowane yanki da siffarsa, da gam da ƙusoshi. Ni na duba su ɗaya bayan ɗaya, na jera a zaure. In jirgin bai haɗu kafin kogi ya cika ba, ciyawa ce za ta cinye gonar.

Mama ba wanda ya yi mata bayani. Ita dai ta ga faffaɗan katako mai santsi zaune ba aikin yi. Ta wanke surfen masara, ta jawo mafi tsawo, wanda zai zama gefen jirgin, ta baza shanyarta a kai. Da muka dawo da yamma, katakon ya kantare kamar busasshen ganye.

"Uwargida, a kan jirgin nawa kika yi shanya?" in ji Baba.

"Malam, ina ka rubuta jirgi a jikinsa? Masara dai ta bushe, kuma kai za ka ci tuwon."

Baba ya durƙusa a kai zai danne shi da ƙarfi, muka ji ƙas.

"Ɗaga shi kafin ka karya," ta ce. "Ruwa da rana suka lanƙwasa shi, su za su miƙe shi."

Ta tafasa ruwa, ta tsoma tsohon zane, ta shafe cikin lanƙwasar kamar yadda take yi wa tabarmar da ta naɗe. Ta kifa shi a kan siminti, bayansa na kallon rana, ta ɗora dutsen niƙa da turmi da buhun masara. Kwana da kwanaki a maƙwabta take daka. Tana cikin girki sai ta fito ta shafa katakon da tafin hannu, ta gusar da turmin kaɗan, in zafi ya yi yawa ta ja shi inuwa. Ina zaune da littafina, amma hannunta nake kallo. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma yi gaggawa ba.

Bai miƙe sarai ba, amma ya yarda ya bi sauran katakan ba tare da ya tsage ba. Ranar da muka fara tsallakawa, ruwa ya riga ya yi ja. Mama na zaune da fartanyarta, ta dafa wannan gefen.

"Yana jan hagu," in ji Baba.

"To, sai ka tuƙa ta hagun."

Ya tuƙa. Muka tarar ciyawa ba ta kai ga rufe shinkafar ba.