Babur ɗin Mai Gyaran Keken Ɗinki

Malam Sannu-Sannu, mai gyaran keken ɗinki, an haife shi a shekarar 1957. A kan titi ya samo laƙabinsa, domin tun da ya fara hawa babur ba a taɓa ganin ya wuce wani abin hawa ba, sai dai a wuce shi. Matarsa takan ce in shi zai kai ta taro, kafin su isa an watse. Shi kuwa sai ya ce, "To, ai mukan tarar da masu wanke-wanke, mu gaisa."

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar. Shagonsa ɗan ƙarami ne: benci ɗaya, gwangwanayen madara cike da kusoshi da allurai, sai kawunan kekuna jere a kan kanta. Amma yawancin aikinsa ba a shago yake ba. Tela ba ya ɗaukar kekensa ya bar ɗinkin mutane, saboda haka Malam ne ke bin teloli, da akwatin kayan aiki ɗaure a bayan babur. Mafi yawansu kuma suna tsallaken iyaka, a wani gari na maƙwabciyar ƙasa, cikin lungunan da motar haya ba ta shiga. Babur ɗin nan shi ne ƙafarsa, shi ne kuma abincin gidansa.

Mutum ne mai kiyaye doka. Ya yi wa babur inshora, har da wadda ke aiki a ƙetaren iyaka, yana sabunta ta kowace shekara, abokansa suna yi masa dariya.

Wata rana a can ƙetare, ya fito daga shagon wani tela, sai wata motar kaya ta taho da baya daga lungu ta buge shi. Ƙafarsa ta karye, gaban babur ya murƙushe. Teloli suka watsar da almakashi suka kwashe shi zuwa asibiti. Washegari direban, wani saurayi, ya zo tare da mahaifiyarsa, ya durƙusa a gefen gado.

"Baba, ka yafe mini. In magana ta kai ga 'yan sanda, mai motar zai karɓe ta, ni ne kuma ke riƙe da gidanmu."

"Tashi, ɗana," in ji Malam. "Abin da Allah ya rubuta ne. Na yafe maka duniya da lahira."

Babban Tela, wanda shi ne dattijon telolin garin, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai dai ka ji da ƙafarka. Babur yana hannunmu."

Sun kuwa riƙe shi da hannu biyu. Suka kai shi wurin makaniki, aka bubbuge abin da ya lanƙwashe da guduma, aka sa sabuwar fitila, aka fesa fenti. Su da kansu suka ɗinka wa kujerar riga mai ado da zare kala-kala. Ranar da aka sallami Malam, suka ɗora shi a mota shi da babur ɗinsa, suka raka shi har bakin iyaka.

Da ƙafa ta warke ya hau, sai ya ji babur yana ja hagu, kansa yana rawa. Makanikin unguwarsu ya duba ya ce ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karkace tun daga tushe, guduma ɓoye ciwon kawai ta yi, kuma duk wanda ya yi doguwar tafiya a kansa da ransa yake wasa. A nan ne Malam ya tuna da inshora, ya kuma ji daɗi ƙwarai, domin ga ranar da zai rama dariyar abokansa. Ya sa fararen kaya, babbar 'yarsa ta raka shi ofishin kamfanin.

Ma'aikaciyar da suka samu yarinya ce mai ladabi. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama.

"Sannu, Baba. Ina rahoton 'yan sandan can?"

"Ba a kira su ba, 'yata. Mun sasanta."

"To, hoton babur ɗin bayan hatsari fa?"

'Yar ta miƙa mata waya. A hoton, teloli ne tsaye sun kewaye babur yana ƙyalli, Babban Tela ya ɗora hannu a kan rigar kujera yana washe baki. Dariya ta kuɓuce wa ma'aikaciyar, ta yi sauri ta rufe baki ta ba da haƙuri.

"Baba, wannan ai kamar yau aka fito da shi daga kwali."

Sannan ta yi masa bayani a tsanake. Ƙa'idarsu ita ce kada a taɓa abin hawa sai jami'insu ya ga ɓarnar da idonsa, musamman in a wata ƙasa abin ya faru. Tun da an riga an gyara, hanya ɗaya ta rage: ya koma can, ya kai direban gaban 'yan sanda ya amsa cewa shi ya buge shi, a ba da rahoto.

A kan hanyar gida 'yar ta yi ta lallashinsa.

"Baba, ba ɗaure shi za a yi ba fa."

"Za a karɓe masa mota."

"Kai fa? Ba shi ya raba ka da babur ba? Da me za ka koma wurin telolin naka, da sanda?"

"A gaban uwarsa na yafe masa. Da wane bakin zan je in ce na fasa?"

Matarsa ta sa baki da barkwanci irin nata, ta ce shi a komai sannu-sannu yake, amma wajen yafiya ya fi kowa gudu. Bai yi musu ba, bai kuma koma ba. Telolin ma bai taɓa faɗa musu abin da alherinsu ya jawo ba. Duk lokacin da Babban Tela ya bugo waya ya tambayi lafiyar babur, sai Malam ya ce, "Yana nan yana sheƙi." Ƙarya ba ta cikin halinsa, wannan kuwa gaskiya ce.

Teloli sun jira shi gwargwadon iyawarsu, amma keken da ke tsinka zare ba ya jira. A hankali suka samu wani mai gyara. Malam ya koma zaman shago, aikin da ke zuwa bai taka kara ya karya ba. Sai ya ƙudura cewa shi da ya yi shekara da shekaru yana daidaita ƙarafa masu siririn aiki ba zai kasa miƙe wannan ba. Ya shigar da babur shago, ya kwance gabansa, ya wanke kowane noti da kananzir, ya jera su a kan tsumma. Ƙarfen kuma ya ɗaure shi a jikin benci, kullum yana ɗan matsa shi kaɗan, yana gwadawa da zare.

Zazzaɓi ya kwantar da shi a daminar 2021, bai tashi ba. Da 'yarsa ta buɗe shagon bayan an share makoki, ta tarar da ƙarfen ɗaure a bencin, ɓari ɗaya ya miƙe sarai, ɗayan yana nan a karkace.