Kwandalar da Aka Wanke Mu da Ita

"Malam, sake dubawa dai, ƙila idonka ne," in ji Gwaggo Hajo.

Muna zauren gidanmu a Korgom, ni da ita da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Tasawa mai tara tsoffin kuɗi. A tafin hannunshi ga 'yar jar kwandalar da kakan babanmu ya dawo da ita daga hajjin ƙasa, tun kafin zuwan Nasara.

A gidanmu duk jaririn da aka haifa sai an jefa ta cikin ruwan wankanshi, wai don ya tashi da arziki. Tun ina yaro nake jin za ta sayi garken raƙuma. Ni har na je na taya moto, wato babur, tun ba a sayar da ita ba.

Malam ya gyara tabarau ya ce, "Inna, kuɗin Masar ne. Ƙirshi guda aka raba gida arba'in, wannan kashi ɗaya ce."

"To me take saye a zamaninta?"

"Ƙila dabino ɗaya, in mai dabinon na da kirki."

Gwaggo ta dube ni tun daga hula har tsinkakken silifas ɗina, ta ce, "Shi ya sa! Ashe da canji aka yi ta wanke ku."

Malam ya ce duk da haka yana so, zai ba da jikka biyar, wato sefa dubu biyar. Ta warce abarta ta ƙulle a bakin zane.

"A'a. Matar ƙanen yaron nan ta kusa haihuwa. Yadda aka yi ma kowa haka za a yi ma jaririn, kada ya zo ya fi 'yan'uwanshi."

Moto dai sai wata shekara. Ku fa, da me aka wanke ku a gidanku?