Ciyawar da Na Ɗauro a Bayan Keke

Ni na kawo ta, ba wani ba. Lokacin ina koyarwa a Kafanchan aka yi mana bita kan kiwo, aka raba mana saiwar wata baƙuwar ciyawa, wai in saniya ta ci sai nono kamar famfo. Na ɗauro ta a bayan keke ina hura hanci, na dasa a gefen filin da ke bayan gidanmu, inda shuci ke fitowa tun zamanin kakanni. Da shucin nan muke baibaye ɗaki da rumbu: ni a sama, matata a ƙasa tana riƙe mini tsani.

Saniyar da na dasa ciyawar dominta ba ta shekara uku ba, sai ta mutu. Ciyawar kuwa tana nan, lafiyarta ƙalau.

Matata ce ta fara lura. "Baban yara, wannan ciyawa naka yana cin shuci fa." Na ce mata harkar ilimi ce, ta bar wa masu shi. Da na ga abin ya wuce wasa sai na cinna wa filin wuta da rani. Ashe gata na yi mata. Kafin shuci ya farfaɗo ita ta yi kore shar, ta ƙara cin ƙasa.

Bara, bayan girbi, matata ta koma wurin Ubangiji. Ta bar accar da ta girba da hannunta a cikin rumbu, ni kuwa na kasa taɓa ko mudu ɗaya. Jinkar rumbun ta tsufa, dole a sake ta kafin ruwa. Na kira yara a Abuja, suka ce, "Baba, sa leda mana." Abokan gayyata na da, rabinsu suna kwance a bayan coci. Ni kaɗai na shiga filin da lauje. Mako biyu ina lalube a tsakanin karan da ya fi ni tsawo, na fito da shuci dami huɗu, alhali goma nake nema. Na cike sauran da ciyawar tawa. Kara ne mai kauri, ba ya kwanciya, ruwa zai bi ta tsakani. Na sani sarai, na dai kau da kai.

Da damina ta kankama na jingina tsani, na hau, na ɗaga jinkar. Accar ta jiƙe ta tsiro a cikin duhu, fara sol, duk ta dunƙule. Na ji kewar matata kamar ranar aka binne ta. Na daɗe a can sama, don babu mai riƙe mini tsani in sauko.