Fayil ɗin da Malam Sani ya share

Jama'a, kowa na cewa bairos ne ya cinye manhajata. Wallahi Malam Sani ne, malamin jarrabawa!

Kun san manhajar buga katin sakamako da na haɗa wa wata firamare a Damari. Tana aiki da wani ɗan fayil da na rubuta da kaina na ajiye a gefenta. In babu shi, ko buɗewa ba ta yi.

Yau ake raba kati. Na hau mashin tun daga Ƙanƙara, na iske iyaye sun cika makarantar. Na danna manhajar a kwamfutar makarantar, shiru! Na duba, babu fayil!

Na ce, "Malam, wa ya taɓa nan?"

Ya ce, "Ni na yi shara. Sau uku ina danna shi bai buɗe ba, na ce tarkace ne."

"Kwandon sharar fa?"

"Shi ma na zubar, 'yata. Ba na son ƙazanta."

Kwamfutata mai kwafin fayil ɗin na gida, ga babu sabis. Hedimasta ya fita ba iyaye haƙuri.

Gobe zan cusa fayil ɗin cikin manhajar, su zama abu guda. In ga me zai share!