Idon Allurar Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifinmu, tela ce, kuma tun tana budurwa take sanye da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Idan ta cire shi ba ta gane wanda ke bakin ƙofar shagonta sai ya yi magana. Ta tsane shi. Ya yi mata shaida a karan hanci, in ta yi gumi ya zame, jikoki kuma sun karya mata ƙafarsa ba sau ɗaya ba.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, ni aka ɗora wa kai ta asibiti. Likitar, wata doguwa mai sanyin magana, ta ce za a cire abin da ya dushe a cikin idon, a dasa ɗan gilashi a gurbinsa. Iri-iri ne, in ji ta, akwai na ganin nesa, akwai na kusa, kuma in an dasa an dasa ke nan.

"Ni dai 'yata, ki raba ni da wannan kaya," in ji Gwaggo. "In ga titi tar, kamar kowa."

Likita ta ce to na nesa za a sa. Ni ma na gyaɗa kai, don bakina ɗaya da na yaranta, so muke ta daina cin karo da kujeru.

Har mun miƙe, sai idon Gwaggo ya faɗa kan hannun farar rigar likita. Maɓalli na lilo. Gwaggo ba ta iya ganin irin wannan ta wuce, ko a gidan gaisuwa ne. Ta zaro allura daga gefen jakarta, ta tura tabarau goshi, ta kawo allurar dab da hancinta, ta zura zare tashi ɗaya.

Likita ta tsaya cak. "Mama, kullum haka kike yi? Ba tabarau?"

"To da me zan yi? Ai na titi ne shi. Ɗinki da idona nake yi."

Ashe abin da ba ta taɓa lissafa shi a gani ba, shi ne za a ɗauke mata. Likita ta ce da an sa na nesa a duka idanun biyu, da titi ya fito tar, kafar allura kuma ta ɓace mata sai da wani tabarau. Gwaggo ta ƙarasa ɗinke maɓallin, ta yanke zaren.

Aka sake zama. Aka auna inda take riƙe ɗinki, aka gwada mata ido ɗaya na nesa, ɗaya na kusa, ta ji ko za ta jure, sannan aka tsayar: idon dama na titi, na hagu na allura. Makonnin farko bayan aikin ta yi ta mita wai idanunta ba sa ga maciji da juna.

Ranar da ta koma shago na je, ina fargaba, na laɓe a tsallaken titi ina leƙenta. Ta ɗauki allura, hannunta ya tafi goshi don ture abin da babu, ta yi tsaki. Ta ɗan ja allurar baya kaɗan, zare ya shige.

Sai ta ɗago, ta hango ni a tsallaken titi inda na laɓe.

"Kai! Zo nan. Wa ya ɗinka maka wannan wandon?"